Wake a Cikin Toka

Shekarar da na daina sa wa wakenmu magani, damina ta yi kyau a Kurfai. Mun roro wake a tsakanin hatsi, ba mai yawa ba, amma zai kai mu har bazara, a kuma rage iri. Abin da kowa yake yi a garinmu Filinge shi ne ya sayi ƙwayar maganin ƙwari a kasuwa, ya ƙulle a tsumma, ya tura cikin buhu. Mu ma haka muka saba. Sai dai tun ranar da yarana biyu suka wuni suna amai bayan sun ci wake, ma'aikaciyar asibiti ta tambaye ni ko an sa masa magani, hankalina bai sake kwanciya ba. Ba ta ce waken ne ba, tambaya kawai ta yi. Ni kuwa tambaya ɗaya takan ishe ni damuwar shekara.

Akwai buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ba ya buƙatar magani. Na je na taya. Amma lokacin komawar yara lakwal ne, wato makaranta, ga takalma, ga littattafai, ga ɓerayen ɗakinmu da ba sa barin buhu lafiya. Maigidana yana shirin tafiya Yamai cin rani. Ya ce ba zai tilasta mini ƙwayar ba, amma in tuna irin shukar baɗi yana cikin waken nan, in ƙwari suka cinye ba mu da inda za mu samo wani.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina da ke aure a Damana, ta biyo ta gidanmu ranar kasuwa ta same ni na baza waken a tabarma ina kallonsa. Ta ce su da can toka suke sa wa. A shanya waken ya bushe ƙarau, a tankaɗe toka mai sanyi kwatankwacin yawansa, a cuɗe, a zuba a randa, a rufe saman da wata tokar, a kifa kasko a liƙe da laka. Ta ce sharaɗin ɗaya ne, kuma shi take ji mini tsoro.

"In kin liƙe, kin liƙe ke nan, ɗiyata. Ba a leƙawa. Na san ki, tun kina ƙarama kike tone gujiya ki ga ko ta tsira."

Na ware wanda za mu ci cikin 'yan makonni, sauran duka, har da irin, na ce randa za shi. Neman tokar ne ya zama aiki. Itace ya yi tsada, murhun gida ɗaya ba ya tara abin kirki. Na shiga maƙwabta da tsohuwar tasa. Matsalar ita ce mata da yawa da leda suke hura wuta, ni kuma ban ga amfanin guje wa magani in zuba ƙonanniyar leda a abincin yara ba. Duk gidan da na shiga sai na tambaya da me aka kunna wutar, in shinshina, in murza da yatsa. Wata maƙwabciyata mai tuyar ƙosai ta ce toka ta yi daraja a bana, har ana tambayar asalinta kamar za a ba ta aure. Duk da haka, ita ce ta riƙa hura wutarta da kara saboda ni, har tokar ta isa.

Muka liƙe randar a kusurwar ɗaki. Maigida ya tafi.

Tun ranar nan randar ta zauna mini a rai. Ina daka ina tuna ta, ina salla tana faɗo mini. Tunda an hana ni buɗewa, sai na koyi saurare. Da rana tsaka, in yara suna lakwal, unguwa ta yi shiru, nakan durƙusa in manna kunne a jikinta. Har sanyi ya wuce ban ji komai ba. Da zafi ya kama, wata rana na ji ƙas-ƙas, siriri, ba ya tsayawa. Na ɗauko taɓarya zan fasa lakar, na tsaya. In ƙwari ne, kowace rana asara ce. In ba su ba ne, ni da hannuna zan buɗe musu hanya, kuma ba ni da sauran toka. Na mayar da taɓaryar, na aika wa Gwaggo ta bakin wani mai amalanke.

Gwaggo ba ta zo ba sai ranar kasuwa. Ta sa kunne, ta daɗe, sannan ta zagaya ta leƙa tsakanin randar da bango. Gara ce ta yi gini daga ƙasa tana bin lakar, tana cin ɗan ƙaiƙayin da muka kwaɓa a ciki. Muka kankare ginin, muka ƙara sabuwar laka a kan tsohuwar ba tare da mun ɗaga kaskon ba, muka zagaye gindin randar da tokar murhu. Na tambaye ta ko wannan ya nuna waken yana lafiya.

"Ni ma ban sani ba," in ji ta. "Gara dai na gani. Na ciki, sai ran da ruwa ya sauka."

Haka na ƙarasa bazara, ina saurare ina kankare gara.

Maigida ya dawo da ruwan farko, aka shuka hatsi. Da lokacin shuka wake ya yi, shi ya fasa lakar. Muka juye a tabarma, na tankaɗe. Akwai 'yan masu huji nan da can, ƙwarin cikinsu sun bushe. Sauran fari ne tas, mai ƙarfi a haƙori. Maigida ya yi hamdala ya ce gobe sai gona. Na roƙe shi ya dakata, don wani sabon tsoro ya zo mini, ko tokar ta kashe idon irin. Ya dube ni, ya fita.

Na binne 'yan ƙwayoyin waken a damshin gindin tulu. Ban tone ba. Da safiyar da suka fasa ƙasa suka ɗago kai, na auna irin a ƙwarya, na ɗora tokar da ta rage a kai don a watsa wa gona. A gona, maigida yana gaba yana sara, ina biye ina jefawa ina takewa.