Furar da Gwaggo ke ajiyewa

Shekarar da na gama kwaleji na tafi garin Taba wajen Gwaggo, ƙanwar mahaifina, daidai lokacin yankan tumatir. Mata kan zauna a gindin mangwaron gidanta suna tsagawa ana shanyawa. Ni hannuna bai iya wuƙa ba, sai aka ba ni aikin karanta musu littafi. Biyu na zo da su, na marubuci ɗaya, mai koren bango da mai ja.

Gwaggo ɗa guda ta haifa, wanda nake kira Yaya. Shekara shida ke nan da ya bi wani mai wa'azi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kullum da azahar takan dama fura a 'yar ƙwarya, ta rufe da faifai, ta ajiye a ƙofar ɗakinsa. Sai rana ta yi sanyi take ba yara. Kowa ya sani, ba mai tankawa.

Da koren na fara. Labarin wani saurayi ne da shehin ƙarya ya yaudara da wani tsohon kundi, wai a ciki aka rubuta ranar tashin duniya. Saurayin ya gano shehin ne ya rubuta kundin da hannunsa, ya gudu, aka bi shi gari gari. A shafin ƙarshe ya yi sallama, ya tarar da uwarsa tana shiƙa. Sau uku Gwaggo ta sa na maimaita shafin.

"Ashe suna dawowa," ta ce, tana share hawaye da bayan hannu.

Jan ma haka aka gina shi, malamin ƙarya da ɓoyayyen kundi da mabiyin da ya farga. Amma uwar ce ke ba da labarin, tana yawon nema, kuma a bakin wata busasshiyar rijiya ta tsinci hularsa. Na san da wannan ƙarshen tun kafin in buɗe littafin a gabansu. Hausarsa ce ke da daɗi a baki, ni kuma ina son jin muryata tana faɗinta.

Da na rufe, wuƙaƙe suka tsaya. Wata maƙwabciya mai kaifin baki ta ce, "To malama, wanne ya fi?"

Na gyara zama kamar a aji. Na ce koren tatsuniya ce, an yi shi ne don mai karatu ya ji sanyi. Jan shi ne littafi, don marubucin ya daina lallashi. Wanda ya faɗa hannun irin waɗannan mutane, na ce, ba ya dawowa ya yi sallama.

"Ai na farkon ma shi ya rubuta, 'yar nan," in ji Gwaggo a hankali.

"Yana yaro ya rubuta, Gwaggo. Na biyun kuwa ya riga ya san duniya."

Maƙwabciyar ta tafa hannu. "To kin ji, Hajiya, 'yan boko sun yanke hukunci. Furar nan gara ki riƙa miƙo mana ta katanga, mu da muke raye!"

Wasu suka yi dariya. Ni ma na murmusa, don na ɗauka yabona ake yi. Gwaggo ta ci gaba da tsaga tumatir, ba ta ɗago ba.

Washegari da azahar ta dama furar kamar kullum. Ta wuce ƙofar ɗakin ba ta tsaya ba, ta dire ƙwaryar a gabana.

"Sha."

"Gwaggo, ai ta Yaya ce."

"Sha, ke da kika san duniya."

Tana tsaye a kaina har na shanye. Furar ta ji nono da sukari, yadda Yaya yake so. Ta karɓi ƙwaryar ta wanke, ta jefa a buhun dusa. Har na bar Taba, da ita ake ɗibar wa awaki dusa.