Mai Gyara Mini Turanci

Kafin ta zo, ni ne mai Turancin ofishinmu. Ƙungiyar manoma ce a Zuru, muna raba taki da iri har Mahuta da Bena, kuma duk takardar da za ta tafi Birnin Kebbi ta hannuna take bi. Shugabanmu zai tsaya a kaina ya faɗi abin da yake so da Hausa, ni kuma in zuba masa shi a tafireta da manyan kalmomi. Ba na shiga magana sai na cika rabin shafi da durƙuso da ban girma. Yakan karanta yana gyaɗa kai, ya ce, "Malam, ka gama da su."

Shekarar da aka kawo mana kwamfuta aka ɗauki yarinyar aiki. 'Yar tsohon soja ce, 'yar garin, mai ƙaramar murya. Hausarta ma takan ɗan karkace, ta kira mace da "shi". Aka ajiye teburinta kusa da nawa don ta riƙa buga abin da na rubuta.

Ba ta daɗe ba ta matso da wani rahotona na rabon taki.

"Malam, kada ka ji haushi. Ka fara da abin da ya faru bara, amma ka rubuta shi kamar yanzu ake yinsa. Wannan gaisuwar kuma, in rage ta?"

Na ce haka ake rubuta wa manya. Shugaba yana wucewa ya ji mu, ya ce ta buga nata ya gani. Nata bai kai rabin nawa ba. Ya karanta a tsaye, ya ce, "Ashe abin da muke son faɗa ke nan." Daga ranar ya kafa doka, duk abin da na rubuta sai ta duba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ta yi mini girman kai ba ko sau ɗaya. Da ta yi, da na sami abin kamawa. Sai dai ta gyara, ta ce sannu da aiki, ta ci gaba da cin gyaɗarta. Da taron shekara ya zo, ita aka ɗauka a mota zuwa Birnin Kebbi. Ni aka bar ni da makullin ofis, ina amsa wa manoma cewa Oga ba ya nan.

Sai na nemi malami. Akwai wani dattijo, tsohon hedimasta na makarantar mishan, da ke zama ƙarƙashin mangwaro a ƙofar gidansa. Bayan la'asar nake zuwa, in ɓoye babur ɗina a bayan katanga. Ya sa ni rubuta gajerun jimloli kamar ɗan firamare. In na kawo doguwar kalma sai ya ce, "Ɗana, wa kake son tsoratawa?" Ya koya mini inda ake sa waƙafi, da kalmomin da ba a yi musu jam'i, da yadda ake neman abu a wasiƙa ba tare da roƙo ba.

Wata rana ya tambaye ni inda nake aiki. Da na faɗa masa, fuskarsa ta washe.

"Ai ɗalibata tana can! Me ya kawo ka nan, kana da ita a gefenka? Tun tana aji huɗu take kama ni da kuskure a allo."

Na ce, "Haka ne, Baba." Daga nan kusan kowane darasi sai ya kawo labarinta. Na jure na ci gaba da zuwa har damina ta wuce.

Ranar da na miƙa mata rahoton girbi, na zauna ina satar kallonta. Ta karanta, ta ce, "Babu gyara, Malam," ta juya tana tambayar direba ko an zuba wa janareta mai. Watanni na yi ina wahala don in ji waɗannan kalmomin, ita kuwa ta faɗe su kamar an tambaye ta ƙarfe nawa.

Bayan shekara biyu ta sami aiki a Abuja. Shugaba ya ce in rubuta jawabin ban kwana da zai karanta, da Turanci, don za a yi baƙi daga jiha. Na rubuta shi gajere, babu kalmar da ta yi yawa. Aka yi tafi sosai, ita ma ta share hawaye.

Ana rabon lemo wani babban baƙo ya zo wurinta, ina tsaye a gefe da faranti. Ya ce, "Kin ji daɗi, har jawabin sallamarki ke kika rubuta wa kanki."

Ta yi saurin nuna ni. "A'a, Yallaɓai, Malam ne ya rubuta."

Ya dube ni, ya yi murmushi irin na wanda ya ji yarinya mai kawaici, ya ce, "To, madalla," ya koma yana tambayarta unguwar da za ta sauka a Abuja. Na ajiye farantin, na fita na taya direba ɗaure mata kaya a mota.