Malama Zuhura Mai Ƙirga 'Ya'yan Mutane

Ban taɓa son Zuhura ba, kuma gara in faɗa tun yanzu kada wani ya ce na ɓoye. Unguwarmu ɗaya a Argungu, katanga ce kawai tsakanin gidanmu da nasu, kusan tare aka yaye mu. Babanta masunci ne, mutum mai sanyin hali wanda ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi. Har yau ban san inda ya samo wannan 'ya ba.

Tun tana ƙarama ba ta iya ganin abubuwa a tare ta bar su lafiya. In an shanya albasa a ƙofar gida, sai ta tsuguna ta jera su biyar-biyar. In babanta ya dawo daga gulbi, kafin ya huta ta zura hannu cikin gora tana fito da kifi ɗaya-ɗaya, manya gefe, ƙanana gefe. Mu muna 'yar carafke don nishaɗi, ita tana yi ne don ta kama mai maguɗi, kuma kullum ni take kamawa.

Ta yi kwalejin horar da malamai, ta auri wani direba suka koma Birnin Kebbi. Shekara tara ko ɓatan wata ba ta yi ba, auren ya mutu. Maimakon ta koma gida kamar kowace bazawara mai kunya, sai ta kama ɗaki a Gwadangaji, nan gefen Birnin Kebbi, inda ni ma nake aure ina ɗinki. Wani Alhaji Ja'afar yana da 'yar makarantar kuɗi a bayan layinmu, ya ba ta ajin ƙanana, masu shekara uku zuwa huɗu. Wannan ajin shi ne mijinta, shi ne 'ya'yanta, shi ne abincinta. Ba ta da komai a duniya bayan shi, kuma duk unguwa ta san haka.

Alhaji ya kashe kuɗinsa ya sayo manyan hotuna masu sheƙi ya manna a bango, ga tuffa, ga jirgin ƙasa, ga wasu dabbobi da ko kakan yaran bai taɓa gani ba. Kafin zuwanta yara suna rera ɗaya zuwa ɗari da Turanci kamar waƙa, iyaye suna jin daɗi. Makonta na farko ta sauke hotunan ta naɗe. Ta kira Alhaji, ta zube albasa gaban yaron da ya fi kowa iya rerawa, ta ce ya ba ta uku. Yaro ya kwaso duka da hannu biyu ya miƙa mata yana murmushi. An ce Alhaji hularsa kawai ya gyara ya fita.

Daga nan kullum da safe sai ka gan ta da kwando a kai kamar mai talla. A ciki akwai murafun lemo, ƙwallon dabino, da ƙananan kifaye na yumɓu da take ginawa da hannunta ta gasa a murhu. Tana yanka kwalin taliya ta ɗiga masa bula, wannan ɗigo ɗaya, wannan biyu, wannan uku, yaro ya ɗora kifi a kan kowane ɗigo. Dokarta guda ce: sai ka sa yatsa ka taɓa abu kafin ka kira lambarsa, taɓi ɗaya, kira ɗaya. Wanda bakinsa ya riga yatsansa, a koma farko.

Zango guda ya ƙare yara ba su wuce biyar a ƙirga ba. Iyaye suka yi ca a kanta, ni ce kan gaba, don a lokacin 'yata Asiya tana ajin. Na ce mata ɗan ƙanwata a Gesse sa'an Asiya ne, yana kaiwa ɗari ba ya ko numfashi.

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Aku ma shina kai ɗari in anka koya mai. Ki tahi ki yi ɗinkinki, Rukayya."

Haka take magana da mutane. Da za ta sassauta harshe ko kaɗan, da ba ta rasa mai tsaya mata ba ranar da ta buƙata.

Amma gaskiya ɗaya ce, Asiya ta iya. In na ce ta kawo cokali huɗu, huɗu take kawowa. Wata rana ta ɗauki rigar da na gama, ta bi ramukan da yatsa, ta bi maɓallan, ta ce mini rami biyar ne maɓalli huɗu. Na duba, haka ne. Na ji daɗi, na kuma ji haushi, don na san daga inda abin ya fito.

Cikin damina ta kawo abin da ya raba ta da ajin. Ta ba kowane yaro kwali da zanen gida a kai, da ƙullin ƙwallon dabino da ɗan ƙaro na mannawa. Ta ce in sun je gida, kowane mutum ɗaya su manna masa ƙwallo ɗaya, gobe su zo a ga gidan wa ya fi yawa.

Baƙo ne kaɗai zai yi wannan a yafe masa. A nan ba a ƙirga mutane. Ka tambayi uwa 'ya'yanta nawa, za ta ce alhamdulillahi suna nan, ta canza magana. Ana ganin in ka nuna rai da yatsa ka sa masa lamba, ka nuna wa ajali hanya. Malamai suna faɗa a wa'azi cewa camfi ne, mu gyaɗa kai, mu koma gida mu ci gaba da kiyayewa. Zuhura ta san wannan sarai. A gabana uwarta ta taɓa buge mata baki don ta ƙirga mu a gidan suna. Ba mantawa ta yi ba, rainawa ta yi.

Bayan la'asar muna zaune a tsakar gida, ni da maigidana da Inna mahaifiyarsa da yayyen Asiya biyu, ga Nu'uman ɗan wata takwas a bayana. Asiya ta fito da kwalinta. Ta ɗora yatsa a kan Inna ta ce ɗaya, ta manna ƙwallo. Ta taɓa babanta ta ce biyu. Inna tana jan carbi, ba ta gane abin da ke faruwa ba sai da yarinya ta zagayo, ta taɓa nata kan ta ce shida, ta yi ɗage ta taɓa kan jaririn ta ce, "Bakwai!" Tana dariya, tana jiran a yaba mata.

Inna ta fizge kwalin. "Innalillahi! Wa yak koya maki wanga mugun abu? Ƙidaya mu kike kamar tumaki? Tohe, tohe da yawu!"

Asiya ta tofa tana kuka. Inna ta juyo kaina ta ce, "Matag ga da ba ta haihu ba, ita ta za ta ƙidaya ɗiyan mutane? Ku dai kun ga abin da kunka ɗauko."

Kwana tara bayan nan zazzaɓi ya kama Nu'uman. Kafin mako ya zagayo mun kai shi makwancinsa.

Ba zan tsaya kan wannan ba, don ba zan iya ba. A zaman makoki kowace mace da ta shigo, in ta gama yi mini gaisuwa sai ta matsa kusa da Inna a yi ƙus-ƙus, kuma sunan mutum ɗaya ke fitowa. Zuhura ma ta zo. Ba wadda ta matsa mata ta zauna, ta yi addu'arta a tsaye ta fita. Kwana goma da rasuwar na ɗauki kwalin nan, na saka hijabi, na nufi makaranta, mata shida suna biye da ni.

Na same ta a ƙasa kan tabarma, yara sun kewaye ta da kifayen yumɓu. Na jefa mata kwalin a fuska, ƙwallayen suka warwatsu. Na faɗa mata maganganun da ba zan rubuta ba. Na ce ta rasa nata ta zo tana rage na mutane.

Ta tashi ta kakkaɓe zane. Ina jiran ta yi kuka, ko ta ce in yafe mata, da ƙila zuciyata ta sauka. Sai ta ce, "Allah shi jiƙan yaro. Amma ƙwallon dabino ba shi kashe kowa, kuma ke ma kin sani."

Matan suka ɗauki salati. Alhaji Ja'afar ya fito daga ofis da gudu, aka ce masa ko ita ko 'ya'yanmu. Ya roƙe ta ta ba da haƙuri ko da baki ne kawai, ta ce ba ta yi laifin da za ta ba da haƙuri ba. Kafin azahar ta tattara murafunta da kifayenta cikin kwando ta ɗora a kai. Yara suna leƙe ta taga suna kiran Malama, ba ta waiga ba. Ni kuwa na ji sanyi a raina ranar, ba zan yi ƙarya ba.

Ta zaga makarantu a Birnin Kebbi, labari ya riga ta zuwa ko'ina. Ba mai son malamar da ake cewa tana ƙirga yara su mutu. Ƙarshe ta koma Argungu gidan yayanta, ta shiga cikin matan da ke tsince albasa ga masu lodi, suna ware manya da ƙanana da ruɓaɓɓu.

Alhaji ya kawo wata yarinya ta karɓi ajin, aka mayar da hotuna bango, aji ya koma rera ɗari. Asiya tana rerawa tare da su, amma in na ce ta kawo cokali huɗu sai ta ce ba ta sani ba. Na ɗauka sakarci ne. Wata safiya ina yi mata wanka na ga tana ɓoye hannun dama. Na fizgo. Ta naɗe yatsanta manuni da zaren ɗinkina, ta ɗaure tam, ya kumbura ya yi baƙi. Na sa almakashi na yanke zaren, na tambaye ta dalili.

Ta ce, "Shi yat taɓa Nu'uman. Kar shi sake taɓa kowa."

Na yi lallashi, babanta ya yi, har Inna ta yi. Bayan kwana biyu na sake samun zaren a yatsan. Maigidana ba mai yawan magana ba ne, ya ce mini kawai in kai ta wurin malamarta, don maganarta kaɗai yarinyar ke ɗauka. Ranar Asabar muka shiga mota zuwa Argungu, ina jin kamar ana jan ni a ƙasa.

Mun same ta ƙarƙashin rumfa tsakanin tarin albasa, ta rame, hannuwanta sun yi kaushi. Na yi sallama, ta amsa wa Asiya. Ta kama yatsan ta juya shi, ta ga shatin zaren. Sannan ta tsuguna, ta ture ɗankwalinta baya, ta ɗora yatsan yarinyar a tsakiyar kanta.

"Ƙidaya ni."

Asiya ta yi ta ƙoƙarin janye hannu, Zuhura ta riƙe.

"Na ce ki ƙidaya ni. Ni nawa ta?"

Da ƙyar Asiya ta ce, "Ɗaya."

Matan da ke wurin suka ja buhunansu suka matsa nesa, wata tana tofi. Zuhura ko kallon su ba ta yi ba. Ta ce wa Asiya, "To, kin taɓa ni, kin ƙidaya ni. Ran Assabar ki zo ki gani in na mutu. In ban mutu ba, ki sake ƙidaya ni."

Ta miƙe ta ba yarinyar albasa uku ta ce ta je gefe ta jera. Sai a lokacin ta dube ni, karon farko tun isowarmu.

"Rukayya, kwana nawa shina zazzaɓi kahin ku kai shi asibiti?"

Na kama hannun 'yata muka tafi tasha.

Kwana uku ne. Ina da ɗinkin biki na mutum goma sha biyu da na yi alkawarin gamawa kafin Juma'a. Na ba shi jiƙo, na ba shi maganin da na aika aka sayo a kanti, na goya shi a baya ina taka keken ɗinki, ina jin zafin jikinsa har cikin ƙashina, ina cewa gobe zai sauka. Da muka kai shi asibiti, ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni me na tsaya yi. Ni da ita kaɗai ne a ɗakin, ban kuma faɗa wa kowa ba.

Asabar biyar ke nan muna zuwa. Asiya tana taɓa kan Zuhura ta ce ɗaya, ta yi dariya, zaren kuma ban sake ganin sa ba. Har yau ni da Zuhura ba ma gaisawa, ina tsayawa bakin rumfa har su gama, kuma har yau in na ga yadda take ɗaga hanci raina ɓaci yake.

Makon jiya Alhaji Ja'afar ya aiko. Sabuwar malamar za ta yi aure ta bar gari. Ya ce tunda ni na kawo ƙara, in zan zo taron iyaye in faɗa da bakina cewa ba Zuhura ba ce, zai mayar mata da ajinta. An yi taron shekaranjiya, ban je ba. In na tsaya gaban Inna da matan unguwa na ce ba ita ba ce, dole wata ta tambaye ni, to wace ce?