Da Likita Ta Hana Yayata Shiga Rana

Ciwon ya kama yayata bayan haihuwarta ta uku, ana tsakiyar noman gero. Yatsunta suka kumbura har hauya ta gagare ta riƙewa. Sai wasu ƙuraje suka fito mata a kumatu, suka haye karan hanci. Duk ranar da ta wuni a gona, washegari tana kwance da masassara. A ƙauyenmu, can wajen Hawandawaki, kowa da abin da yake faɗa, wasu sanyi, wasu sammu. Ta sha saiwoyi, ta sha rubutu, ba sauƙi.

Ni lokacin ina koyarwa a lakwal a Tasawa. Ina gaban allo amma hankalina yana gida. Da an tashi sai in yi ta kai da kawowa a tsakar gida, ina kiran mijinta a waya, layi yana yankewa. Da na gaji, na hau kabu-kabu na bi hanyar yashi zuwa ƙauye na ɗauko ta, ni da Inna muka kai ta Maradi.

An ɗibi jininta, aka yi analiz, wato gwaji, muka yi ta jira. Likitar, wata mace mai magana a hankali, ta zaunar da mu ta ce ba ƙwayar cuta ba ce ta shigo daga waje. Abin da ke tsare jiki daga cuta ne ya rikice, ya koma yana yaƙar jikin.

Inna ta ce, "Likita, a wurina ta gado shi?"

"Inna, abin da ake gado yana da yawa, amma ba dukansa ke aiki ba. Wani yana kwance a jiki har mutum ya tsufa bai motsa ba. Wani kuma sai rana, ko haihuwa, ta tayar da shi. Masu bincike har yanzu suna neman abin da ke kunna shi da abin da ke kashe shi."

"To, ku kashe shi mana."

"Ba mu kai can ba tukuna. Muna dai iya kwantar da shi."

Ta rubuta magani, ta ce kada yaya ta ƙara zama cikin rana. Yaya ta yi dariya, ta ce, "Manomiya kike faɗa wa haka?"

Amma ta bi. Yanzu daga sallar asuba take tafiya gona, da malafar mijinta a ka, kafin hantsi ta dawo. Mata sun yi mata tsiya har suka gaji. Wani watan lafiya lau, wani watan ciwon ya taso, mu sake kama hanyar Maradi.

Ni ce na kasa natsuwa. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, sai na riƙa murza yatsuna ina sauraron ko za su yi zafi. Daminar bara ɗiyar yaya ta fari ta yi ƙuraje a fuska, ban tsaya shawara ba na ja yarinyar zuwa gidan likita a Tasawa. Aka duba, aka ce ƙurajen zafi ne kawai.

Da na mayar da ita, yaya tana zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ta dube ni ta ce, "Ƙanwata, ke kin fi ni jin ciwon nan. Zauna ki sha fura."

Na zauna, amma idona yana kan fuskar yarinyar.