Alhaji Na'iya da Sauron Rana

Na Allah muke, gare Shi kuma makoma take. Ranar Talata, tara ga Satumba, 2025, Alhaji Na'iya mai hatsi na Dogon Daji ya riga mu gidan gaskiya, bai daɗe da dawowa daga Malesiya ba, inda ya kai iyalinsa bikin gama karatun ɗansa Jamaluddeen.

Na'iya, abokina, kai da ba ka yarda da mudun kowa sai ka sake awo da naka. Duk damina kai ne mai ɗaure gidajen sauro a bayan babur ka kai wa masu goyo a ƙauyen Fakku, ka kuma koma ka leƙa ko an rataya su ko an shinge tattasai da su. Da za ku tafi, rabin jakarka gidan sauro ne. Na yi maka dariya, ka ce, "Malam, sauro ko'ina sauro na. Dare shika jira."

Ashe na can ba ya jira. Likitan da ya duba ka daga ƙarshe ya ce da rana tsaka yake cizo, cutarsa kuma dengi ake kiranta. Man shafawa mai korar sauro da tufa mai rufe jiki ya kamata a nemar wa yara da manya. Wa ya gaya mana?

Ka dawo da ciwon kai da na ƙashi. Mai kemis bai tambayi inda ka fito ba, ya ce maleriya ce, ya haɗa maka maganinta da ƙwayar ciwon jiki, irin wadda likita ya ce ƙara zubar jini take yi. Ajali ba ya kuskure, na sani. Amma shekaruna saba'in da maleriya, ban ga ta sa dasashi jini ba kamar yadda naka ya yi.

A wurin zaman makoki na ji ana raɗa wai baki ne ya kama ka. Ni zargina yana kusa, yana kan cutar sauron nan. Jiya na tarar da autarka Hamdiya kwance, jiki zafi rau, ita da kuka tafi tare. Aka ce mini kukan rashinka ne. Ban yarda ba, kai ma da ba ka yarda ba.

Hajiya Kaltume, uwar gida, masu gaisuwa za su jira. A kai yarinyar nan asibiti yau, kuma kafin likita ya buɗe baki a gaya masa ƙasar da ta fito.

Allah Ya jiƙan Na'iya, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa da mutanen Dogon Daji haƙuri. Ya tashi kafaɗun Hamdiya. Amin.