Sunan Yohanna a Cikin Murfin Rada

Ku yaran yanzu kun dame ni da tambayar me ya sa muke karce suna a cikin murfin kowace rada da muka gama. To ku jawo kujeru. Akwai wata safiyar damina da har gobe ba ta fita raina ba, daga ita abin ya samo asali.

Lokacin ma'aikatarmu ba ta wuce ɗaki biyu da rumfa ba, can bayan unguwar Barkin Sale, kusa da masu walda. Sojoji suka ba mu aikin haɗa ƙaramar rada da za a ɗaura wa jirgi mara matuƙi. Ga wanda bai san harkar ba, kyamara in hadari ya rufe ƙasa ta makance ke nan. Rada kuwa sigina take aikawa ƙasa ta saurari dawowarsa, don haka ko gajimare ya yi kauri tana gano mota ko babur a daji. Matsalarmu ɗaya ce, nauyi. Jirgin ƙarami ne, an yanka mana iyaka, in muka wuce ta ko da ƙiris ba za a karɓa ba.

Ni aka damƙa wa sikeli. Ko noti ɗaya ba ya shiga na'urar sai ya bi ta hannuna. Har suka laƙaba min Uwar Sikeli. Da farko na yi ta masifa, daga baya in ba a kira ni haka ba sai in ji kamar an rage min muƙami.

Shugabanmu Injiniya Tanko ne, muna ce masa Oga. Mahaifinsa makaniken jirgin ƙasa ne, shi kuma ya taso yana kai masa abinci loko, wato garejin gyaran jiragen ƙasa, yana kallon allunan tagulla da ke jikin kawunan jirage ɗauke da sunan maƙeransu. Abin ya zauna masa a rai. Duk aikin da muka gama sai ya liƙa masa ɗan allon tagulla, ko da akwatin batir ne.

Sai Yohanna, mutumin Paiko, wanda ya zana eriyar, wato ɓangaren da ke aika sigina ya karɓo shi. Kullum a bas yake zuwa, wani lokaci da doya a buhu ya raba mana. Har ya bar duniya "kai" yake ce min. "Hajiya, kai da sikelin nan naka, wata rana har numfashinmu za ka auna!" Dokarsa ɗaya ce, kuma ya fi kowa faɗa a kanta: ba a kawo ƙarfe kusa da eriyarsa, don ƙarfe yana mayar da sigina ya rikita hoton.

Yohanna bai ga ƙarshen aikin ba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, shi ke nan. A wurin binne shi, da kunnena na ji Oga yana ce wa matarsa, "Maman Dauda, ranar da na'urar nan za ta tashi, da sunan mijinki za ta tashi."

Ranar gwaji ta zo. A gonar gidansu Yohanna za a yi, kusa da Paiko, gaban wani Manjo da aka turo. Ƙa'ida ita ce a auna a ma'aikata, a sake aunawa a gabansa kafin a ɗaura. In muka faɗi, aikin ya koma wani wuri, mu kuma a rufe mu, wahalar Yohanna ta ƙare a sito.

Da safe na ɗora ta a sikeli kafin mu loda mota. Ta wuce iyaka. Innalillahi! Jiya-jiyan nan na auna ta lafiya lau. Na sauke, na goge sikeli, na sake ɗorawa. Ba ta canja ba. Na ɗauki sukudireba na kwance murfin. Ga shi nan, allon tagulla, an goge shi yana ƙyalli, da sunan Yohanna, an ɗaure shi a cikin murfi daidai gaban eriya.

Na yi kan Oga da murfin a hannu. "Ranka ya daɗe, wa ya sa wannan?"

"Ni ne," ya ce, bai ko ɗago ba. "Nemo wani abu ki rage."

"Me zan rage? Wata nawa muna ragewa? Ko fenti ban bari an shafa ba!"

"Hajiya, na yi wa matar nan alkawari. Tana can tana jiranmu."

Wallahi na ji tausayinsa, amma bakina bai iya shiru ba. Na ce, "Oga, ƙarfe ne fa, a gaban eriyar Yohanna. Da yana raye, shi zai fara cire shi, ya kuma yi maka tas a gaban kowa."

Maganar ta soke shi, na gani a fuskarsa. Ya daɗe yana kallon allon. Can ya karɓi sukudireban ya kwance shi da kansa, ya sa a aljihu. Sai ya jawo wata ƙusa daga kan tebur, ya kifa murfin a cinyarsa, ya shiga karce robar a hankali, harafi bayan harafi. Ni kuma ina tsaye a kansa ina cewa, "Kada ka huda min murfi fa!" alhali hawaye na zuba a idona.

Muka mayar da murfi, na ɗora. Ta dawo ƙasa da iyaka.

A gonar, Manjo ya sa aka sake aunawa, ya duba, ya ce a ɗaura. Hadari ya haɗo sosai, irin wanda muke roƙo. Jirgi ya tashi ya shige gajimare har muka daina ganinsa. A kan kwamfuta kuwa ga motar da aka kai can bakin rafi don gwajin ta fito sarai. Manjo ya ce, "Madalla." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma ya ishe mu.

Maman Dauda ba ta ko kalli kwamfutar ba, sama take kallo. Ta ce, "Oga, sunan yana ciki?"

"Yana ciki, da hannuna na rubuta."

Ya ciro allon tagullar ya miƙa mata. Ta juya shi, ta shafa sunan da yatsa, ta ƙulle shi a bakin zaninta.

Abin da na koya ranar shi ne, a sana'ar nan ba a yi wa sikeli magiya, ko don mamaci. Amma masu sana'ar mutane ne, kuma in an yi haƙuri akan samu yadda za a cika alkawari ba tare da an ɓata aiki ba. Tun daga nan muka bar tagulla muka koma ƙusa.

Yanzu kuna da gini mai sanyi da injin da ke rubutu da haske. Ni dai ina kewar rumfar nan da hayaniyar masu walda. Bara, da Allah ya yi wa Oga rasuwa, abokan aiki suka ce a sa injin ya rubuta sunansa. Na ce a'a, ku ba ni ƙusa. Na karce shi a karkace, don idona ya cika da ruwa. Da na gama sai na tsinci kaina na ɗora murfin a sikeli, ina jiran wani ya tsokane ni yadda Yohanna yake yi.