Yaya Mero da Kiristal ɗin Nasiha

Duk Zandam babu tukunyar da daddawar Yaya Mero ba ta shiga ba. Ni ƙanwarta ce, na san ta da iya magana. Amma tun da 'yarta Nasiha ta tafi Turai karatu, in aka tambaye ta me yarinyar take yi, sai ta kama gyaran ɗankwali.

Nasiha ta sha yi mata bayani a waya. Wai jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne, kowace da tantanin da ya lulluɓe ta, a jikin tantanin kuma akwai wani abu, furotin, da yake zaman ƙofa. Shi take cirowa tana lallaɓawa ya daskare ya zama kiristal, wato kamar ƙwayar gishiri, a haska shi a ga siffarsa don haɗa magani. Ni dai ban taɓa jin aiki irin wannan ba.

"To ya daskare?" in ji Yaya.

"Tukuna, Inna. Sai ya daskare zan samu kaina."

Nan kaɗai Yaya ta gane, nan ta riƙe. Idonta na dama ya riga ya tafi, na hagun kuma likita a Birnin Kudu ya ce hawan jinin ido ne, a hankali yake rufewa. So take ta ga fuskar 'yarta kafin nan. Ta hana mu gaya wa Nasiha, wai kada hankalinta ya rabu. Wallahi abin ya ba ni haushi, amma wa ya isa ya ja da Yaya?

Ta ba Nasiha shawarar ta rufe abin da kyau ta daina leƙawa, yadda ake yi wa daddawa. Ta ja ni muka je wurin liman, Malam Kamaluddeen, neman addu'a.

"Me ake nema, Inna?"

"Wani abu muke so ya daskare."

"Mene ne shi?"

Ta dube ni, na dube ta. Malam ya ɗaga hannu ya roƙi Allah ya daskarar da shi ko mene ne. Har a kasuwa aka koma gaishe ta da "Ya daskare kuwa?"

Bayan kaka Nasiha ta kira tana dariya tana kuka, ya daskare. Na rangaɗa guɗa. Sai ta ce ai yanzu aikin ya fara, an ɗauke ta shekara uku ta gano siffarsa, ba halin dawowa gida yanzu.

"Ashe ba gamawa ba ce?" Yaya ta tambaye ni. Ta ce to a turo mata hoto.

Hoton ya shigo, na miƙa mata wayar. Ta kai ta dab da idon hagu, tana jujjuyawa. Kiristal ɗin ne, ɗan ƙyas a tsakiyar ɗigon ruwa.

"Ita tana ta wane gefe?"

Na ce, "Yaya, ba ta ciki."